ABUJA: GA MAI DOKI, AMMA INA FILI?

Ranar Lahadi da la'asar sakaliya, tsakiyar birnin Abuja kan yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ma'aikatan da ke cika Sakatariyar Tarayya daga Litinin zuwa Jumma'a duk suna gidajensu a Kubwa da Nyanya da Lugbe da Mararraba. Baƙon da ya tsaya kusa da Dandalin Eagle a irin wannan lokaci, zai hangi Dutsen Aso ya tokare gabas, ga titin Shehu Shagari da na Ahmadu Bello a shimfiɗe, faɗi kamar filin idi, ba kowa a kansu sai 'yan tasi jefi-jefi.

To, a cikin wannan shiru ne wani sa'in akan jiyo wata ƙara daga nesa, kamar an yage sabon yadi. Kafin mutum ya waiwaya, mota ta wuce, wata na bin ta, sai ƙaurin taya da ya rage a iska. Washegari masu zuwa aiki su tarar da baƙaƙen zane-zane a kan kwalta, wasu a miƙe, wasu a zagaye kamar an kifa faifai. Wannan shi ne sawun samarin da Allah ya jarrabce su da son gudu da mota. Hukumomin birnin sun sha hana wannan wasa a kan titi, sun sha kama motoci, amma in an kore su daga tsakiyar gari sai su ɓulla wajen Idu, inda tashar jirgin ƙasa take, ko wani sabon titi da ba a fara bi sosai ba.

Wanda bai san Abuja ba zai yi mamakin yadda abin ya yi ƙarfi a nan fiye da sauran garuruwa. Dalilin kuwa yana cikin tarihin garin. Ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai a Ikko a wancan zamani shi ne cunkoso, saboda haka da aka zo zana sabon birni, sai aka ba tituna haƙƙinsu har da ƙari. Wani gwanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Japan, Kenzo Tange, shi ya tsara tsakiyar birnin. Da gwamnati ta taso ta tare ran 12 ga watan Disamba, 1991, sai ta tarar da hanyoyi miƙaƙƙu, masu layi-layi, da gadoji da shataletale. Daga baya aka faɗaɗa hanyar Kubwa da ta filin jirgin sama har kowace ta kai layi goma. Ga kwalta mai santsi, ga 'ya'yan masu hannu da shuni, ga motoci masu ƙarfi suna shigowa ta tashoshin ruwa. Abu ɗaya ne kurum masu tsara birnin ba su yi wa tanadi ba, watau killataccen fili inda mai son gudu zai je ya yi abinsa ba tare da ya taɓa ran kowa ba.

GAREJIN APO

Duk wanda ke son ya fahimci wannan sha'ani, ba a kan titi zai fara ba, sai ya gangara kudancin birni, ya wuce gidajen 'yan majalisa, ya shiga unguwar makanikai ta Apo. Nan wata duniya ce dabam. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, shaguna jere cike da kayan gyara na sabbi da na hannu, ga injuna an jingine su kamar tukwane a kasuwa. Ana jin Ibo da Hausa da Yarbanci da Turancin buroka a cakuɗe, ga ƙarar guduma, ga tartsatsin mai walda, ga yara 'yan koyo suna kai da kawowa da sifana a aljihu. Abin da aka rasa a Apo, akan aika Ladipo a Ikko, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano.

A tsakanin ɗaruruwan motocin da ke jiran gyara, mai ido zai iya tsinto 'yan ƙalilan da ba ciwo ne ya kawo su ba. An ɗage su a kan jak, an cire ƙafafu huɗu, an kwashe kujerun baya an ajiye gefe. Galibinsu BMW ne, musamman samfurin da ake kira E36, wanda aka fara ƙerawa a 1990, da ƙanensa E46 da ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1990. Akan ga Mercedes, da Nissan 350Z, da Ford Mustang na masu hali. Abin da ya haɗa su shi ne, inji yana gaba amma ƙafafun baya ne ke tura motar. Irin wannan ƙira ita ce ta fi daɗin sarrafawa a kwana, kuma ita ce ke yarda a juya gindin mota da gangan. Ga shi kuma kayan BMW tsohon yayi ba su da wuyar samu a kasuwannin ƙasar nan.

Makaniken da ya san aikinsa ba ya taɓa kome sai ya leƙa ƙarƙashi. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka da Turai sun taɓa yin haɗari a can, an sayo su a gwanjo, an buga, an shafe da fenti. In shasi ya karkace, ko nawa aka kashe a kanta ba za ta miƙe a guje ba. Ita kuwa E46 tana da wani sanannen lahani: ƙarfen gindin bodi, daidai inda aka ɗaure aksil ɗin baya, yakan tsage in aka matsa mata. Don haka akan sauke aksil ɗin baki ɗaya, a duba, a liƙa faranti na ƙarfe da walda. Aiki ne da ba wanda zai gani a yaba wa mai mota, amma shi ne tushe.

LINZAMI KAFIN ƘAIMI

Sabon shiga yakan zo gareji da buri ɗaya, a ƙara wa inji ƙarfi, a sa salansa mai tsawa. Waɗanda suka daɗe a harkar kuwa daga birki suke farawa, kamar yadda mahayin kirki ke duba linzami kafin ya ɗaura ƙaimi. Lissafin a fili yake. In aka ninka gudun mota biyu, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da ita ninki huɗu ne, kuma duk wannan ƙarfi zafi yake zama a jikin faifan birki. A hanya mutum kan taka birki da ƙarfi sau ɗaya ko biyu a yini. A filin tsere kuwa, kowace kwana sai ya taka, ya sake takawa, ba hutu, har faifan ya yi zafin da zai ƙona hannu daga nesa.

A nan ne man birki ke tona asirin mai mota. Wanda ake kira DOT 3, in sabo ne, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuwa digiri 230. Amma fa man birki yana shan danshin iska a hankali, kuma damina a Abuja doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba. In ya sha ruwa, ƙa'idar DOT 4 kan sauko zuwa digiri 155. Da zarar ya tafasa a cikin bututu sai ya yi kumfa, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar kuwa ko gezau. Saboda haka kafin a je fili, akan zubar da tsohon man duka, a zuba sabo mai jure zafi, a sa takalman birki waɗanda aka yi domin wuta, a kuma canza bututun roba da masu rigar saƙar ƙarfe waɗanda ba su kumbura.

Bayan birki sai taya. Duk girman mota da tsadarta, abin da ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu huɗu ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da aka yi ta da shekarar: in aka ga 2319, ana nufin mako na 23 a shekarar 2019. Taya 'yar gwanjo tana iya zama da zane raɗau amma robarta ta bushe ta ƙeƙashe, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan irinsu. Har ila yau, iskar da ke cikin taya tana ƙaruwa in ta yi zafi. Mai zuwa fili yakan tafi da ma'auninsa a aljihu, ya zagaya 'yan lokuta, ya fito ya auna, ya rage iska, ya koma. Wanda ya bar wa mai faci na bakin hanya ya cika masa taya har ta yi tauri kamar dutse, zai ga motarsa tana zamewa a kwana kamar an zuba kuɓewa.

ZAFIN MARIS DA ƘURAR HUNTURU

Na uku shi ne ruwa. A watan Maris, kafin saukar damina, zafin Abuja kan haura digiri 35, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Injin da ke ta kuka minti ashirin ba sassauci yana bukatar lagireto mai tsabta da famfon ruwa lafiyayye. Su waɗannan BMW ɗin, tankin ruwansu da wuyan lagireto na roba ne, in sun tsufa sukan fashe ba sallama, shi ya sa masu hankali ke canza su tun ba su nuna alama ba. Akwai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojin ƙasar nan, ta cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu ƙasar zafi ce. Masu ƙera injin sun yi shi ne domin ya yi aiki a wani zafi ƙayyadadde, kuma tamostat ne ke tsare masa wannan iyaka. Mai shirya mota don fili yakan mayar da shi wurinsa.

Da hunturu kuma wata fitina ce. Ƙurar da ke lulluɓe Dutsen Zuma har a daina ganin kansa, ita ce ke toshe matatar iska, ta kuma kwanta a kan kwalta ta rage wa taya riƙo. Samari da yawa kan cire matatar asali su sa wata buɗaɗɗiya domin ƙara, alhali kuwa a cikin bonet iska mai zafi take zuƙa, ga ƙura tana samun hanya. Haka nan baƙin mai: in mota ta daɗe tana jan kwana da ƙarfi, man kan taru gefe guda a cikin kasko, famfo ya zuƙi iska, inji ya buga. Magani shi ne a cika shi daidai ƙa'ida, wasu har sukan liƙa 'yan shingaye a cikin kaskon.

Sai an gama da waɗannan ake zuwa kan ƙafafu. Akan canza shakazoba da sifirin a sa masu tauri, a sauke motar ƙasa kaɗan domin kada ta riƙa rangaji, a canza robobin da suka mutu, a kuma karkatar da saman ƙafafun gaba ciki kaɗan don taya ta zauna sosai a kwana. Amma kowane gyara da kuɗinsa. Motar da aka sauke ƙwarai ba ta iya haye tudun rage gudu na cikin unguwa sai ta goga ciki, balle ramukan hanyar Karshi.

A wannan gaɓa ce hanya ke rabuwa biyu. Akwai masu wasan zamiya, watau a juya gindin mota tana tafiya a karkace, hayaƙi na tashi, wasan da ya samo asali a hanyoyin duwatsun Japan, kuma wani direba mai suna Keiichi Tsuchiya ya shahara da shi. Su waɗannan sukan sa a yi walda a haƙoran aksil ɗin baya, ƙafafu biyu su riƙa juyawa tare dole. Arha ne, amma motar da aka yi wa haka ta zama abin tsoro a kan jiƙaƙƙen titi. Akwai kuma masu son zagaye, waɗanda burinsu su bi kowace kwana a tsanake ba tare da taya ta zame ba. Su kuwa wani aksil na musamman suke nema, mai riƙe ƙafafun a lokacin bukata ya kuma sake su.

Na ƙarshe, kuma mafi daraja, shi ne mutumin da ke ciki. Akan kwashe duk wani tarkace daga mota, don kwalbar ruwa guda in ta gangara ƙarƙashin birki ta isa ta jawo makoki. Akan ɗaure batir tamau, a kafa tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai, a nemi hular kwano ta gaske. Wanda ya yi nisa yakan sa kujera mai rungume jiki, da bel mai igiya huɗu ko shida, da kejin bututun ƙarfe a cikin mota. Waɗannan uku tare suke tafiya. Keji ba hula, kai ne zai bugi ƙarfe. Bututun famfo da mai walda ya lanƙwasa ya shafa wa fenti kuwa, ado ne kawai, ranar wuya shi zai fara karyewa.

YADDA AKE YI A WASU ƘASASHE

To, in an gama duk wannan ɗawainiya, ina za a kai motar? A Ingila da Jamus da Amurka da Afirka ta Kudu, masu filayen tsere sukan ware ranaku su buɗe ƙofa ga 'yan sha'awa. Likita ko malamin makaranta ko ɗan kasuwa ya biya kuɗi, ya zo da motarsa. Da sassafe a duba motocin ɗaya bayan ɗaya, a tara direbobi a karanta musu dokoki, a raba su rukuni-rukuni gwargwadon ƙwarewa, sabon shiga kuma a haɗa shi da malami a kujerar gefe. Galibi ba gasa ake yi ba, ba kofi, ba na ɗaya. Ba a wuce mutum sai a inda aka yarda. Ga ma'aikata a kowace kwana da tutoci: rawaya na nufin a sassauta akwai haɗari a gaba, ja na nufin an tsayar da zagaye, shuɗiya na nufin akwai wanda ya fi ka sauri a baya. Kowa hanya ɗaya ya fuskanta, ba mai tsallaka titi, ba akuya, ba ɗan acaɓa. In mota ta kauce, yashi da tarin tayoyi ne za su tare ta, ga motar asibiti a tsaye.

Filin Silverstone na Ingila, inda aka yi tseren farko na gasar duniya ta Formula 1 a 1950, asalinsa filin jiragen yaƙi ne da aka daina amfani da shi. Na Nurburgring a Jamus, wanda aka buɗe a 1927, tsohon zagayensa ya haura kilomita 20, kuma akwai ranakun da kowa ke iya sayen tikiti ya shiga da motarsa. Abin lura a nan shi ne, ba da ƙasaita aka fara ba. An fara ne da fili da shinge da doka.

A Nijeriya ma ba a rasa abin nunawa ba. A Evbuobanosa ta Jihar Edo, kan hanyar Benin zuwa Agbor, wasu masu sha'awa sun shimfiɗa filin tsere na musamman, inda motoci da babura ke haɗuwa. Sai dai daga Abuja tafiyar yini ce, ta Lokoja da Okene da Auchi, kuma motar da aka sauke ƙasa sai dai a ɗora ta a bayan babbar mota. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023, kuɗin wannan tafiya ya fi ƙarfin mafi yawan samarin. A Arewa kuma dattawa ba su manta da tseren motoci na bikin kamun kifin Argungu ba, a zamanin da Fijo 504 ke tashe, motar da ake harhaɗawa a Kaduna, wadda kuma irinta ta cinye tseren Safari na Kenya a 1975. A shekarar 2025 an ji Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ƙarƙashin Shehu Dikko, tana maganar neman kawo Formula 1 Abuja, gasar da rabonta da Afirka tun 1993 a Kyalami. Buri ne babba. Amma har zuwa wannan shekara, ɗan sha'awa a Abuja ba shi da tsayayyen filin da zai kai motarsa ranar Asabar.

ABIN DA KE KAN SIKELI

Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 100 a babbar hanya mai raba hannu. Motar da ke gudun kilomita 160 tana cinye mita 44 a cikin daƙiƙa ɗaya, watau kafin direba ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai birki, ya riga ya share kusan rabin filin ƙwallo. Titunan Abuja kuwa, duk faɗinsu, ba kango ba ne. Akwai mai shara, da mai tallan ruwa, da leburan da ke tsallakawa ya kama motar Nyanya, da ɗan kallon da ya matso da wayarsa yana ɗaukar hoto. Babu ɗayansu da ya sa hannu a takarda ya ce ya yarda da kasada. Su kansu masu gudun, gata bai kare su ba. A watan Disamba na 2017, ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya yi mummunan haɗari a kan babban babur a Gwarinpa, ƙasa duka ta ji labari. Waɗanda ba a ji labarinsu ba, iyayensu ne kaɗai suka sani.

Kakanninmu sun san wannan ciwo, sun kuma san maganinsa. Ba yau samari suka fara son gudu ba. Da doki ne, kuma ba a hana su hawa ba. An hore su da kilisa, an koya musu riƙon linzami, an keɓe musu filin sukuwa a Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato, wanda ya saki doki a cikin kasuwa kuwa ya gamu da dogarai. Babban Birnin Tarayya yana da faɗin ƙasa fiye da murabba'in kilomita 7,000. An samu wurin filin wasa na ƙasa a 2003, har da zagayen tseren keke a cikinsa, an samu wurin golf da na folo. Zagaye na kilomita biyu ko uku a bayan gari, da shinge, da motar asibiti, da masu duba birki a bakin ƙofa, ba zai gagari hukuma da 'yan kasuwa ba in sun haɗa kai. Ranar da aka yi shi, ɗan sanda zai samu bakin magana, domin wanda ya kama a titi ba shi da sauran hanzari. Makanikan Apo kuma za su samu wata sana'a mai ƙa'ida, wadda agogo zai riƙa yi wa alƙalanci a maimakon ƙarar salansa.

Da magariba ta kawo jiki, masu shaguna a Apo sukan fara jan ƙofofi, 'yan koyo su wanke hannu da fetur da omo. A wani lungu ana sauke wata BMW daga kan jak, sabon man birki a cikinta, tayoyi huɗu sababbi, tukunyar kashe gobara a ɗaure kusa da giya. Mai ita ya biya, ya karɓi makulli, ya tayar, injin ya amsa lafiya lau. Ya fito bakin babban titi ya tsaya yana jiran hannu. Dama hanyar gida ce, hagu kuwa ta nufi tsakiyar birni, inda tituna suka fara yin shiru.